Malamin da Ya Tambaye Mu Ma'anar Komadugu

Duk shekara idan sababbin ɗalibai suka shigo wannan sashe namu, tambayar da aka fi yi musu a wajen hira ita ce me ya kawo su nazarin harshe. Amsoshin sukan yi kama da juna. Wani ya ce gurbin da ya samu ke nan, wata ta ce aikin rediyo take so, wani kuma ya ce fassara yake hange. Ni kuwa in aka tambaye ni, nakan ce wani malamin Faransanci ne ya turo ni, daga wata makarantar sakandare ta garin Diffa, shekara goma da 'yan kai da suka wuce. Ba zan kama sunansa ba, domin mutum ne da ba ya son a kuranta shi a bainar jama'a. Mu dai Mushe muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane malamin boko a Nijar. Bambancin kawai shi ne, a makarantarmu in aka ce Mushe ba a ƙara komai ba, kowa ya san wanda ake nufi.

Yabon gwani ya zama dole, amma ba yabo kaɗai ya sa na ɗauko labarinsa ba. Ra'ayina shi ne, abin da ya sa wannan malami ya zama abin tunawa ilimi ne da ake karantarwa a cikin azuzuwan wannan sashe, kuma mu ne ya kamata mu riƙa samar da irinsa. A halin da ake ciki, sa'a ce kawai ke kai irinsa gaban ɗalibai.

Mutum ne siriri, mai saurin tafiya, wanda tun daga bakin ƙofa yake fara darasi kafin ya ajiye jakarsa. Ban taɓa ganinsa zaune a kujerar malami ba. Yakan cika allo daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya share da gefen hannu, ya ratsa tsakanin tebura ya isa layin baya inda masu gyangyaɗi suka saba fakewa. Kafin a tashi, rigarsa ta yi fari fat da alli, murya ta dushe. A watannin bazara, lokacin da kwanon rufin aji ke huci kamar tanderu, shi kaɗai ne malamin da ba a barci a darasinsa na ƙarfe goma sha ɗaya. Yana da nasa aibin: ba ya haƙuri da makara, yana da rowar maki, kuma akwai shekarar da bai kai ƙarshen manhaja ba saboda ya daɗe a kan abin da ya ga ba mu gane ba.

Da kuzarinsa ya tsaya a kan kai-komo da ɗaga murya, da tuni na manta da shi, don mun ga wasu masu irin wannan zafin nama da ba su bar mana komai ba. Abin da ya bambanta shi ya bayyana tun ranar farko. Ya shigo ya rubuta kalma guda a tsakiyar allo: Komadugu. Ya juyo ya ce a gaya masa ma'anarta. Muka yi tsit, domin tun daga firamare aka hore mu da cewa harshen gida a bakin ƙofar aji yake tsayawa. A makarantar da na yi, guntun ƙashi ake rataya wa duk wanda aka ji ya yi magana da shi. Can sai wata yarinya daga layin tsakiya ta ce, da ƙaramar murya, ai da Barbarci kogi ke nan. Ya tafa hannu ya ce, to ashe duk wanda ya ce Kogin Komadugu, kogin kogi ya ce. Aji ya fashe da dariya, kuma daga wannan dariya darasin ya fara.

Ya zana taswira. Ya nuna mana yadda kogin Kano da na Challawa ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, yadda wannan ke gamuwa da na Jama'are a wajajen Gashuwa, ruwan ya biyo ta Gaidam da Damasak, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Nijeriya, ya wuce ta gefen Diffa har ya faɗa Tafkin Chadi kusa da Bosso. Ya ce ruwan da iyayenmu ke ban-ruwan tattasai da shi, wani kasonsa a ƙasar Kano aka yi samansa, kuma madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa da aka gama a 1992 suna da hannu a yawan abin da ke iso mana. Sannan ya ja wata kibiya ta nufi yamma, ya ce akwai abin da ya bi wannan kwari yana sungumar ruwa, wato kalmomi. A kusa da wannan kogi Birnin Gazargamu yake, hedikwatar Borno tun daga ƙarshen ƙarni na 15 har zuwa 1808, inda Mai Idris Alauma, wanda babbar makarantar sakandaren garinmu ke ɗauke da sunansa, ya yi mulki. Daga can sarautu irin su galadima da ciroma da yarima suka shiga fadojin ƙasar Hausa. Ya rubuta kalmar Larabci suƙ, a ƙarƙashinta kasugu ta Barbarci, wadda wasu kare-karen harshen ke furtawa kasuwu, a ƙarƙashinta kuma kasuwa ta Hausa, ya ce mu duba mu ga wa ya ari na wa.

Sai da na zo jami'a na gane cewa abin da Joseph Greenberg ya rubuta a 1960 kan tasirin Barebari a kan Hausawa, inda ya kafa hujja da kalmomi irin su kasuwa da karatu da rubutu, shi ne Mushe ya tauna mana ya ba mu a baki, ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. An yi ta muhawara kan wasu misalan Greenberg, kuma mun karanta muhawarar a darasin aron kalmomi. Amma abin da ya faru a ajinmu ran nan ya wuce batun asalin kalma. 'Ya'yan Barebari suka miƙe wuya, 'ya'yan Hausawa suka gane suna da bashi a kansu, 'yan Fulani suka samu abin tsokanar abokan wasansu, kuma kowa ya fahimci cewa abin da ya baro a gida abin nazari ne.

Ajinmu kuwa tamkar ɗakin gwajin walwalar harshe yake. Akwai masu Barbarcin Manga da masu na Mobar daga ƙauyukan bakin kogi, akwai masu Fillanci, da Tubawa, da Larabawa, da 'ya'yan ma'aikata masu Zabarmanci, ga Hausa da kowa ke ciniki da ita a kasuwa. Malamai da dama suna kallon wannan a matsayin matsala. Shi kuwa kayan aiki ya ɗauke shi, ko da yake daga yammacin ƙasa aka turo shi, kuma Barbarcinsa na kasuwa ne wanda karin sautinsa ke sa yara dariya. Bai taɓa jin haushin dariyar ba. Yakan ce a gyara masa, ya maimaita har sai an ce ya daidaita.

Misali biyu za su isa a ga yadda yake aiki. Da muka zo kan jinsi a Faransanci, bai ce mu haddace le da la kawai ba. Ya fara tambayar masu Hausa: rana mace ce ko namiji? Muka ce mace, tunda cewa ake rana ta fito. Wata fa? Namiji, tunda wata ya tsaya. Ya tambayi masu Larabci, suka ce haka abin yake a wurinsu. Ya ce to Bafaranshe ya juya lissafin, ranarsa namiji ce, watansa mace, saboda haka jinsin nahawu al'adar harshe ce, kada kowa ya nemi dalilinsa a sararin sama. Daga nan ya juya ga masu Barbarci ya ce su harshensu ba ya raba sunaye zuwa namiji da mace ko kaɗan, don haka kuskuren da suke yi ba daƙiƙanci ba ne, sabon abu ne kunnensu ke koyo, kuma dole su riƙa ajiye kowane suna a ka tare da le ko la ɗinsa tun ranar da suka fara jin sa. Masu Fillanci ya ce musu su da ke juya rukunonin suna kusan ashirin, kunya ce su ji tsoron guda biyu.

Na biyu a furuci ne. Ya rubuta pont, font, vont, ya kira wani ɗan Hausa ya karanta, duka ukun suka fito kusan abu guda. Maimakon tsawa, sai ya bayyana cewa a Hausa baƙin da muke rubutawa f yana iya fitowa da siga fiye da ɗaya ba tare da ma'ana ta sauya ba, shi ya sa wani ke cewa fari, wani ya ce hwari, kuma kowa ya gane. A Faransanci kuwa wannan ɗan bambanci shi ke raba gada da yi da tafiya. Ya sa kowa ya ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa, ya dafa maƙogwaro da yatsu, ya ji inda tantanin murya ke kaɗawa da inda ba ya kaɗawa. Yara sama da sittin suna ta fuu da vuu kamar an buɗe amya, har malamin aji na kusa ya leƙo. Abin da muke kira ƙwayar sauti da takwarorinta a darasin tsarin sauti, na taɓa shi da yatsuna a wuyana ina ɗan shekara goma sha shida.

Gwajin gaskiya ya zo a 2015. Tun a watan Nuwamba na 2014, da Damasak ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, mutane suka fara tsallako kogi. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Bosso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka dakatar da cinikin kifi da na jan tattasai, wanda shi ne arzikin kwarin baki ɗaya. Makarantun ƙauyukan bakin kogi da dama suka rufe, rumfunan 'yan gudun hijira suka jeru a gefen babbar hanyar kwalta. Mutane da yawa sun kwashe iyalansu zuwa Damagaram, kuma ba mai ganin laifinsu. Da aka koma karatu, Mushe ya jingine baburinsa ya riƙa zuwa a ƙasa, takalmansa buɗu-buɗu da rairayi, kuma bai fasa riga mu isa aji ba.

A cikin sababbin ɗaliban da aka ƙaro mana akwai wani yaro daga wani ƙauye na wajajen Geskeru, wanda ya yi makonni bai ce uffan ba. Mushe ya ba da aikin rubutun siffantawa kan noman tattasai, ya ce shi kansa bai san yadda ake yi ba, ya nemi wanda zai koya masa. Ya tsaya a gaban teburin yaron ya yi tambayar da gurguwar Barbarcinsa. Yaron ya gyara masa kalma ɗaya, sannan ta biyu, sannan bakinsa ya buɗe: yadda ake rainon iri, yadda ake dashe, yadda ake jawo ruwa da inji zuwa fangali, yadda ake tsinka a shanya a kan rairayi har ya bushe ya yi ja wur, yadda ake ɗura shi a buhu a kai Nijeriya. Masu jin Barbarci suna mayar wa sauran da Hausa, aji duka yana neman kalmar Faransanci, Mushe yana ta gudu tsakanin allo da tebura. Aka cika allo da jeri uku. A ƙarshe ya ce kowa ya rubuta shafi guda da Faransanci, kuma ran nan ne yaron ya fara miƙa takarda. Bai zama na ɗaya a aji ba, amma tare muka zauna jarrabawar bak.

Shekaru bayan haka, da aka karantar da mu tarihin nazarin Barbarci, sai na tuna da wannan rana. Nahawun da Sigismund Koelle ya buga a 1854 daga bakin Ali Eisami aka samo shi, ɗan Borno da yaƙi ya raba da gida, bauta ta kai shi bakin teku, ya ƙare a Saliyo. Haka ma Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Ingila, labaran da ya ba Schön suna cikin tushen rubutacciyar Hausar boko. Ilimin da muke taƙama da shi an gina wani sashensa ne a kan mutanen da suka rasa komai sai harshensu, aka samu wanda ya zauna ya tambaye su.

Na san abin da za a ce, domin na sha jin sa a wannan sashe. Na farko, za a ce da Faransanci ake rubuta jarrabawa, duk mintin da aka kashe kan Barbarci ko Hausa asara ce. Wannan magana tana da nauyi, kuma iyayen da suka sayar da buhun tattasai suka sayi littafi suna da haƙƙin yin ta. Amsata ita ce Mushe bai taɓa mayar da darasinsa na Barbarci ba. Minti biyar ko goma yake ɗauka ya nuna wa yaro inda harshensa da Faransanci suka rabu, sauran lokacin duka Faransanci ne, da rubutu da gyara mai tsanani. Yaron da aka nuna wa cewa harshensa aikatau yake ajiyewa a ƙarshen jimla, kamar a ce yaro ruwa ya sha, ya san inda zai sa ido in yana gina jimlar Faransanci. Wanda aka ja wa jan layi kawai aka rubuta masa sifiri, gobe ma kuskuren zai maimaita.

Na biyu, za a ce kuzari baiwa ce, ba a koyar da ita. Gaskiya ne ba kowa zai iya tsalle a gaban allo ba, kuma ba a buƙatar haka. Amma na yi imani mafi yawan kuzarin Mushe daga son sani ya fito. Kullum yana da abin da yake so ya ji daga bakinmu, shi ya sa aji bai taɓa gundurar sa ba. Malamin da ya ɗauka cewa ɗalibansa ba su zo da komai ba, maimaita littafi ɗaya zai yi ta yi shekara da shekaru, kuma dole ya gaji. Sanin yadda ake kwatanta tsarin harsuna biyu kuwa abu ne da ake koya, mu ma nan muke koyon sa.

Na uku, za a ce wa zai bar Yamai ya tafi sama da kilomita 1,300, ya koyar a matsayin ɗan kwantaragi, albashi ba ya isa, tsaro ba tabbas? Ba zan yi wa kowa wa'azin sadaukarwa ba alhali cikinsa ba komai. Gyaran albashi da matsayin malamai haƙƙi ne a kan hukuma, kuma ya kamata mu riƙa faɗa. Sai dai akwai wani ciwo da yake namu: raina aikin koyarwa da muke yi a tsakaninmu, har ya zama in an ce wane ya gama digiri ya koma sakandare, sai a yi masa jaje. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya riƙe alli a makarantun sakandare a Dakar da Konakiri kafin duniya ta san shi da binciken hasken rana, kuma a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya tsaya kai da fata cewa a koyar da yara da harsunansu.

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar ta fi zama ta gaggawa a yau. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma shekara da shekaru abin bai wuce matsayin gwaji ba. A watan Maris na 2025 sabon kundin da aka kafa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Mu masu nazarin Hausa muna da dalilin murna. Amma ni da na tashi a Diffa ina da dalilin fargaba kuma. Na ga gidajen Barebari inda kaka ke magana da Barbarci jikoki na amsawa da Hausa. Idan malamin Hausa na gobe ya shiga aji a Bosso ko Maine-Sorowa ko Ngigmi da tunanin cewa harshensa ne kaɗai harshe, to ƙashin da aka rataya mana a wuya shi zai rataya wa ɗan Buduma da ɗan Tubawa, sunan mai ratayawa kawai ya sauya. Wanda ya san zafin abu bai kamata ya ɗana wa ɗan'uwansa ba.

Saboda haka ina da roƙo ga malamanmu da shugabannin sashe. A buɗe darasi na musamman kan kwatanta tsarin harsunan ƙasa da harsunan makaranta, wanda aka tsara shi don mai shiga aji, da misalai irin waɗanda yaro ɗan sakandare zai kama. A wajabta wa duk ɗalibin da Hausa ce harshensa na farko ya koyi wani harshen ƙasa na biyu, ko da gwargwadon gaisuwa da ciniki da sanin ginin jimlarsa ne. A ƙarfafa masu rubuta kundin kammala karatu su waiwayi gabas: karin Manga da na Mobar, harshen Buduma, kalmomin su da noma na bakin Komadugu waɗanda gudun hijira ke barazanar shafewa. Kuma a nemi haɗin gwiwa da makarantar horar da malaman sakandare ta ENS da Jami'ar Diffa da aka kafa a 2014, domin abin da aka tattara ya koma aji a matsayin ɗan littafi, kada ya ƙare a kan kanta yana shan ƙura.

Ga 'yan'uwana ɗalibai kuwa, abu ɗaya nake nema. Hutu mai zuwa, kowa ya je makarantar sakandaren da ya fito, ya nemi izinin awa guda, ya rubuta sunan garinsu ko na koginsu a allo, ya tambayi yara ma'anarsa, ya saurara. Gani ya kori ji.

Ranar ƙarshe da Mushe ya shiga ajinmu, ya ba kowa aikin da ya ce ba shi zai duba ba: mu je wurin mafi tsufa a gidanmu mu rubuto kalma goma da mu ba mu sani ba. Na je wurin kakata na samo goma sha bakwai. Takardar tana nan cikin jakata, kuma uku daga cikin kalmomin sun shiga kundin da nake rubutawa yanzu. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya dawo da zaman lafiya kwarin Komadugu, ya sa mu fi su anfani.